Igiya Shida Cikin Gonar Marayu

Na san abin da kuke ji a gari, don ni ma kunnena bai toshe ba. Wasu sun ce kwamfuta ce ta cinye gonar marayu a gidanmu. Wasu sun ce yayarku Rukayya ce ta dawo daga jami'a da ilimin yankan baya ta shirya wa ubanta. Akwai ma wata tsohuwa a bayan kasuwar Rogo da ta rantse wai na'urar tana da aljanu, kuma da idonta ta ga hayaƙi yana fita daga cikinta. Na daɗe ban tanka ba, ina ganin shiru zai kashe maganar. Bai kashe ta ba. Hutun da ya wuce 'yar Rukayya ta dawo daga islamiyya tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata uwarta ɓarauniyar gona ce. Ranar na nemi biro da takarda. Ku karanta wannan a tsanake, in na mutu ku ajiye shi inda jikokina za su gani.

Shekarar da abin ya faru ban daɗe da barin aiki ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, sha biyun ƙarshe ina hedimasta, kuma ba zan ɓoye muku halina ba tunda kun sha shi: ni mutum ne mai son a ce ya sani. In ana gardama a majalisa ni nake yanke ta. In za a ɗaura aure ni ne shaida, in an samu saɓanin iyaka ni ake kira. Da na ajiye aiki sai yini ya yi mini tsawo, na koma gyara wa uwarku yadda ake jera tukwane, har ta fara tambayata ko gwamnati ba za ta sake ɗaukata ba.

Bayan kaka ƙanena Idi ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Mu biyu kaɗai muka rage wa iyayenmu, su kuma sun riga mu gidan gaskiya tuntuni. Ya bar matarsa Hajara, mutuniyar Karaye, da 'ya'ya mata biyu, Safiya mai shekara sha huɗu da Bilki mai tara. Ya bar gonaki uku: babba ta hanyar Jajaye, matsakaiciya ta wajen Gwangwan, da wata 'yar ƙarama a bayan gari. Hukuncin a fili yake, liman ya faɗa tun ranar sadakar bakwai: matar tana da kashi ɗaya cikin takwas, 'yan matan biyu suna da kashi biyu cikin uku, abin da ya saura kuma na ɗan'uwan mamaci ne. Wato ni. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake tafiya: abin da ya saura nawa ne.

Ranar sadakar arba'in yayan Hajara, Alhaji Garba, mai sayar da hatsi a Karaye, ya ja ni gefe bayan an watse.

"Malam, ba don na raina ka ba," in ji shi. "Amma kai magaji ne. Ba zai yi kyau a ce kai ne kuma mai rabo ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na dawo gida ina huci. Ni da aka ba amanar makaranta guda, yau mai awon dawa yake tsoron in cuci 'ya'yan ƙanena? Na ce a raina sai na nuna masa rabon da ba wanda zai iya ɗaga wa yatsa.

A daidai lokacin Rukayya tana gida wankan jego, haihuwarta ta fari. Ta karanta ilimin kwamfuta, tana aiki a Kano, kuma zaman ɗaki ya ishe ta. Da an gama wankan safe, ta sha kunun kanwarta, jaririya ta yi barci, sai ta buɗe kwamfutarta ta cinya a ƙarƙashin rumfa. Ni kuma ina wucewa ina leƙe kamar ban damu ba. Rana ta uku ta ce, "Baba, zauna mana. Ai leƙen ya fi zaman wahala." Na zauna, ina cewa minti biyar kawai. Na yi kwana talatin da wani abu a kan tabarmar nan, ni hedimasta, 'yata tana ce mini a'a, sake.

Abu na farko da ta koya mini shi ne na'ura ba ta riƙe komai sai ka ba ta inda za ta zuba. Masu abin suna da sunan da suke kiransa da Turanci, mu dai muka bar shi a mazubi. Ka sa wa mazubin suna, ka zuba abu a ciki. Gobe kana iya juye shi ka zuba wani, sunan yana nan bai canza ba. Ta sa na yi mazubi mai suna gari, na zuba Rogo, na ce wa na'urar ta nuna mini abin da ke cikin gari, sai ga Rogo a fuskar allon. Na juye na zuba Karaye, sai ga Karaye. Wallahi na yi dariya kamar yaro, har uwarku ta leƙo daga madafa ta ga ko lafiya. Daga nan ta ce kowane mazubi da irin kayan da yake ɗauka. Akwai na rubutu, kamar sunan mutum. Akwai na e ko a'a, wanda ba ya ɗaukar komai sai ɗayan biyun nan. Sai na lamba, shi kuma iri biyu ne, kuma a nan ta tsaya ta daɗe.

"Baba, akwai abin da ake ƙirgawa, akwai abin da ake aunawa. Ƙwai ƙirga shi ake yi: ɗaya, biyu, uku, babu ƙwai biyu da rabi. Wannan mazubin cikakkiyar lamba ne, intija. Man gyaɗa kuwa auna shi ake yi, kwalba biyu da rabi, kwalba da kwata. Wannan mazubin lamba mai ɗigo ne, fulot. In ka zuba mai a kwandon ƙwai me zai faru?"

"Zai tsiyaye," na ce.

"To haka take yi. In ka ba mazubin cikakkiyar lamba biyu da rabi, biyu zai riƙe, rabin ya zube. Ko saura ƙiris ta kai uku, biyu zai riƙe. Kuma ba za ta gaya maka ta zubar ba."

Ta faɗa. Ina so ku ga na rubuta da hannuna cewa ta faɗa, har sau biyu. Ni kuwa na ce mata na koyar da lissafin ɓangare tun kafin a haife ta, ta wuce gaba. Ta yi murmushi ta wuce, don ita ma ta san ubanta. Da ta yi arba'in mijinta ya zo ya ɗauke ta, ta bar mini tsohuwar kwamfutar ta ce in ci gaba da wasa da ita.

Ba wasa na yi da ita ba. Tun tana koya mini dabarar ta faɗo mini: tunda ba a yarda da ni ba, bari na'ura ta raba gadon. Na sa aka auna gonakin da igiyar awo irin tamu, mai gaba goma, inda fili mai tsawon igiya da faɗin igiya shi muke kira igiya ɗaya. Babbar gona ta ba da ashirin da uku, ta tsakiya sha huɗu, ƙaramar bakwai. Ƙasarsu iri ɗaya ce, jigawa, don haka aka yarda kowa a haɗa masa rabonsa wuri guda maimakon a yayyanka kowace gona. Na yi mazubi uku na gonaki, na yi na matar, na yi na kowace yarinya, na yi na saura. Na tsara ta ɗauki kowace gona ta cire wa matar ɗaya cikin takwas, ta cire wa kowace yarinya ɗaya cikin uku, ta tara wa kowa nasa, abin da ya rage ta zuba a saura. Sati biyu ina fama, ina kuskure tana ƙin yi, ina zaginta uwarku tana dariya. Ranar da ta yi aiki na gwada da babbar gona, sai ga rabon Safiya ya fito: bakwai, ɗigo, shida, shida, shida, shida, wutsiya har ƙarshen layi.

Na zuba wa wutsiyar nan ido, raina ya ɓaci. Na hango Alhaji Garba yana leƙa allon yana cewa, Malam, wannan shida-shidan fa, na'urar ta haukace ne? Na hango liman yana gyaran murya. Kuma mu a nan wa ya taɓa jin an ce gona igiya bakwai da ɗigo kaza? Igiya ƙirga ta muke yi, mai awo yana ja yana cewa ɗaya, biyu, uku. Sai na ce ashe ma kuskuren mazubi na yi, igiya ai ƙirgawa ce, ta ƙwai ce. Na koma na mai da mazuban matar da na 'yan matan na cikakkiyar lamba. Na sake gwadawa, sai ga bakwai, tsaf, babu wutsiya. Na ji daɗi ƙwarai. Ban tambayi kaina inda wutsiyar ta tafi ba.

Aka sa ranar rabo bayan Hajara ta fita takaba, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Da hantsi muka taru a zauren Idi: liman, mai unguwa, Alhaji Garba, da ni. Hajara tana zaune daga ciki bayan labule, muna jin motsinta. Na buɗe na'urar na yi jawabi, kun san ni da jawabi. Na ce wannan abar ba ta da wa, ba ta da ƙane, ba ta san Rogo ba balle Karaye. Na nuna wa liman inda na rubuta takwas da inda na rubuta uku, ya gyaɗa kai ya ce hukunci ya yi daidai. Sannan na kawo sharaɗi, ni da bakina: tunda kawunan mutane ne suke jawo zargi, duk abin da ta fitar a karɓa, kada wani ya koma gefe yana sake lissafi. Kowa ya ce ya yarda. Don in ƙure maganar, na juya na'urar gaban Alhaji Garba na ce shi zai danna lambobin da hannunsa. Ya goge yatsansa a riga, ya danna ashirin da uku, ya danna sha huɗu, ya danna bakwai, yana zufa. Sai ga amsa: matar igiya uku, Safiya sha uku, Bilki sha uku, saura sha biyar.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Garba. "Ko numfashi ba ta yi ba."

Liman ya ce ai rabon mace mai 'ya'ya dama kaɗan ne. Mai unguwa ya ce da haka ake yi da an huta da zuwa kotu. Aka tambayi Hajara daga bayan labule ko ta ji, ta ce ta ji. Na rufe murfin na'urar na ce a yi fatiha.

Damina ta yi kyau a shekarar. Na shuka gyaɗa a igiya sha biyar ɗina, ta yi 'ya'ya kamar ba gobe. Sunana kuwa ya ƙara tashi, har daga Gwangwan aka zo ana tambaya ko zan kawo na'urar a raba wani gado, Allah ya taimake ni zazzaɓi ya hana ni zuwa. Kowace Juma'a Hajara takan zo gidanmu da 'yan matan, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ina wuni, an yi Juma'a lafiya?" Ni kuma in amsa ina kishingiɗe, in yi wa yaran nasiha su riƙe karatu. Da aka cire gyaɗa na fitar da zakka, uwarku ta sa aka matse mai aka yi ƙuli-ƙuli, har na aika wa Hajara kwalba biyu na ce a ba marayu. Ta aiko da godiya.

Bayan an gama kaka Rukayya ta kawo mana jaririyar mu ga ta fara tsayuwa. Washegari da safe, ana karyawa, na ɗauko na'urar na ajiye mata a cinya, na ce ta ga abin da ɗalibinta ya yi. Na ba ta labarin zauren, na kwaikwayi Alhaji Garba yana goge yatsa, tana dariya tana karantawa. Sai dariyar ta tsaya. Ta matso da fuskarta kusa da allon. Ta sauke yarinyar daga jikinta ta ajiye a tabarma, abin da ban taɓa ganin ta yi ba in yarinyar tana kuka.

"Baba, wa ya mai da waɗannan cikakkiyar lamba?"

"Ni mana. Wata wutsiya take fitarwa, na gyara."

"Da wannan aka raba?"

"Da shi. Lafiya?"

Ta goge kalma ɗaya a wuri uku ta rubuta wata, ta danna lambobin nan uku, ta juyo mini da allon. Matar igiya biyar da rabi. Safiya sha huɗu da kashi biyu cikin uku. Bilki haka. Saura tara da ɗan abin da bai kai kwata ba.

Na ce ta sake. Ta sake. Na ce na'urar ta lalace, ta daɗe ba a kunna ba. Sai ta ɗauki tsinken tsintsiya ta rubuta a ƙasa a gabana: ashirin da uku, sha huɗu, bakwai, arba'in da huɗu. Ta ce, "Baba, raba shi gida takwas." Lissafin da nake ba 'yan aji huɗu. Biyar da rabi. Ta nuna mini gona bayan gona abin da ya faru. A babbar gona rabon Hajara saura ƙiris ya kai uku, mazubin ya riƙe biyu. A ta tsakiya saura kwata ya kai biyu, ya riƙe ɗaya. A ƙaramar kuwa, da yake bakwai ba ta kai takwas ba, rabonta bai cika igiya ɗaya ba, sai ya riƙe sifiri. Ba a ba ta ko taku ɗaya ba a gonar da take kai wa mijinta abinci shekara sha shida. Haka aka yi ta gutsure na yaran. Duk abin da ya tsiyaye kuma bai ɓata ba, gangarawa ya yi cikin mazubin saura. Igiya shida saura kaɗan.

Ban san lokacin da kofin kokon ya faɗi daga hannuna ba. Ina ta cewa innalillahi, innalillahi, bakina ya kasa ƙarasawa. Idona ya sauka a kan farantin da ke gabana, ƙuli-ƙulin gyaɗar gonar nan ne a ciki, rabi na riga na ci. Na tashi na nufi bayan ɗaki na yi amai. Wata bakwai ina cin dukiyar marayu, ina ciyar da ku, na fitar da zakka daga ciki, har na ɗebi kwalba biyu daga hakkinsu na aika musu a matsayin alheri. Ni da nake tsayawa gaban yara ranar Litinin ina karanta musu azabar mai cin dukiyar maraya.

Kwana uku gidanmu kamar an yi mutuwa. Uwarku, Allah ya saka mata, sunana take ji wa tsoro.

"Malam, ka mayar musu, amma ka ce kyauta ce. Ka ce ka duba ka ga yara mata ne, ka ƙara musu igiya shida. Hakki ya koma, bakin mutane ya rufu. In ka ce kuskure ne wa zai yarda? Kai ka kawo na'urar, kai ka hana a sake lissafi, kai abin ya faɗa wa."

Rukayya kuma ta ce, "Baba, ka ce ni ce ban koya maka daidai ba. Ni ba a garin nake zaune ba, me za a yi mini?"

Na daka mata tsawa na ce kada in sake ji. Ashe ba ta bari ba, ta je ta faɗa wa matan maƙwabta haka don ta kare ni, kuma daga nan ne ƙaryar da ta sa 'yarta kuka ta samo asali. Shawarar uwarku kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba, ta kwanta mini. Rana ta huɗu bayan la'asar na sa babbar riga na tafi gidan Idi da niyyar yin kyauta.

Na tarar da Hajara a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai, Safiya tana taya ta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta koma nesa ta durƙusa, muka gaisa. Na gyara murya na ce na yi tunani, na ga yaran suna girma, na yanke shawarar in ƙara musu igiya shida daga rabona, saboda Allah da zumunci. Ta sunkuyar da kai ta fara godiya. Allah ya saka da alheri, Yaya. Allah ya ƙara arziki, Allah ya jiƙan mahaifa, yadda ka tuna da marayu Allah ya tuna da kai. Ta ce wa Safiya ta durƙusa ta yi wa Baba godiya. Yarinyar ta durƙusa. Fuskar Idi ce sak a kanta, har ɗan karkata kan da yake yi. Ina kallon 'yar ƙanena tana gode mini a kan gonar ubanta, sai na ji in na bari ta ƙarasa ba zan ƙara iya ɗaga goshina daga sujada ba.

"Tashi, Safiya," na ce. "Hajara, ƙarya na yi miki yanzu. Ba kyauta ba ce. Taku ce tun farko. Rabon da aka yi ba daidai ba ne, kuma ni na ɓata shi."

Na zaci za ta yi salati, ko ta fashe da kuka. Ko gezau ba ta yi ba. Ta jawo faifan, ta ƙirga ƙwayar gyaɗa arba'in da huɗu a kan tabarma, ta kasa su kashi takwas. Kowane kashi biyar, huɗu suka rage a tafin hannunta. Ta ɓare huɗun nan biyu-biyu ta ɗora rabi a kan kowane kashi.

"Biyar da rabi," in ji ta. "Ranar da aka yi rabon, kuna fita na yi wannan."

Wannan ya fi na ranar Rukayya dukana. Da ƙyar na ce, "To me ya hana ki magana?"

"An ce kada a sake lissafi. Kuma in na faɗa wa Yaya Garba kotu za a je, yaran nan su tashi ba su da gidan uba." Ta tattara gyaɗar ta mayar a faifai, ba ta dube ni ba. "Ni na ɗauka ka sani, Yaya. Hedimasta guda, a ce bai iya raba arba'in da huɗu gida takwas ba?"

Wato duk Juma'ar nan da take durƙusawa a ƙofata tana tambayar ko na yi Juma'a lafiya, gaishe da ɓarawon gonarta take yi. Da ta karɓi kwalba biyun nan ta aiko da godiya, ta san man waye.

Juma'ar da ta biyo na tara mutanen da suka zauna a zauren, na ƙara da duk wanda ya tsaya bayan sallah, na faɗi abin da na yi da bakina. Aka koma gonaki da igiya aka sake awo, har rabin da kashi biyu cikin ukun, da takun ƙafa aka fitar da su. Na mayar da gyaɗar da ta fito daga wurin, wadda aka ci na cika daga rumbuna. Alhaji Garba ya ce a gaban jama'a, "Shi ya sa ka ba ni in danna, don in zama shaidarka." Har yau in mun haɗu a kasuwa sallama kawai ce. An daina kirana rikicin iyaka. An ɗaura aure uku a layinmu a shekarar, ba a nemi in yi shaida ba. Uwarku ta yi gaskiya, rabin gari ba su yarda kuskure ba ne, suna cewa asiri ne zai tonu na riga shi. Hajara ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don da aka tashi aurar da Safiya ita ta ce ni ne waliyyi.

To ga abin da nake so ku riƙe. Na'urar ba ta da laifi, kwandon da na miƙa mata ta zuba a ciki. Yayarku ba ta da laifi, ta gargaɗe ni sau biyu na ce ta wuce gaba. Duk wanda ya sake faɗin sunanta a maganar nan ku nuna masa takardar nan.

Saura abu ɗaya, wanda ban faɗa a ƙofar masallaci ba, ban faɗa wa uwarku ba. Na sha rantsuwa cewa ban sani ba, kuma rantsuwata gaskiya ce: ban san mazubin yana zubarwa ba. Amma tambayar Hajara ta ƙi barina, don akwai amsarta. Ranar a zaure, da lambobin suka fito na ga sha uku, sha uku, sannan na ga sha biyar a gaban sunana, sai da wani abu ya ce mini a ƙirji: kai, ya za a yi naka ya fi na 'yar cikin Idi? Na ji shi sarai, kamar yadda nake jin kiran sallah. Tsinke ɗaya da ƙasar zauren sun isa su ba ni amsa kafin liman ya gama gyara rawaninsa. Sai na kai hannu na rufe murfin, na ce a yi fatiha.